A yanke ƙafar ko a sa ƙarfe? Abin da dangin mai sankarar ƙashi za su auna

Ranar da likita ya ɗaga hoton gwiwar ɗan wana ya ce mana hanya biyu ce, ko a cire ƙafar daga cinya, ko a cire ƙashin da ya kamu a sa ƙarfe a gurbinsa, ɗakin ya yi tsit. Yaya ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Yaron ne, mai shekara 16, ya fara buɗe baki. Ya juyo wurina ya ce, "Baffa, in an sa ƙarfen zan koma buga ƙwallo?" Likitan bai bar ni na yi masa ƙarya ba. Ya ce ƙarfen na tafiya ne, ba na gudu da tsalle ba. Har zuwa lokacin, mu a ranmu, sa ƙarfe shi ne warkewa, yankewa kuma ita ce faɗuwa. A wata tara da na yi ina jinya tsakanin Garwa da Yawunde na gane lissafin ya fi haka zurfi. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa na ji shi ne daga bakin likitoci, na karanta wani, wani kuma na gan shi da idona a gadajen da ke kusa da namu.

Ciwon ya fara kamar wasa. Ya dawo daga filin ƙwallo yana ɗingishi, aka ce targaɗe ne, aka kai shi wurin mai ɗori. Aka ja, aka murza, aka ɗaure. Bayan mako uku kumburin saman gwiwa ya ƙaru, ga ciwon dare da ke tashinsa daga barci ko bai taka ƙafar ba. Wata goggonmu ta ce maruru ne ya nuna a ciki, sai an yi sakiya. Aka yi tsaga, aka kafa ƙaho, jini kawai ya fito. A wani ƙaramin asibiti aka ce ƙashi ne ya yi ruwa, aka yi masa allurai na kwana goma ba tare da hoto ba. Sai da muka cinye wata huɗu kafin wani ya ce a yi radiyo, wato hoton ƙashi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ban cika ganin laifinsu ba. Sankarar da ke tsirowa daga cikin ƙashi ba ta kai ɗaya cikin ɗari na dukkan ciwon daji ba, ma'aikacin lafiya zai iya shekaru bai ga ko guda ba. Abin da ya saba gani shi ne ƙashi mai mugunya, musamman ga masu sikila, da tarin fuka da ya sauka a ƙashi, kuma duk kamarsu ɗaya da farko. Buguwar ƙwallon ma ba ita ta jawo ciwon ba, ta dai sa an lura da shi.

Kafin a zo maganar wuƙa sai an san sunan ciwon, domin gida ne mai 'ya'ya da yawa, kowa da halinsa. Wanda ya fi yawa shi ne ostiyosakoma, irin na yaronmu. Yana kama matasa masu tasowa, galibi daga shekara 10 zuwa 25, kuma ya fi son ƙarshen ƙashin cinya, saman ƙwauri da saman damtse. Yana jin maganin daji na ƙarin ruwa, wanda a asibitocinmu ake ce wa shimiyo, 'yan Najeriya su ce kemo, amma gashi da hasken inji bai cika yi masa komai ba, saboda haka tiyata dole ce. Na biyu shi ne sakomar Ewing, mai sunan likitan Amurka James Ewing da ya bayyana ta a 1921. Ita ma ta yara da matasa ce, takan fito a ƙugu, haƙarƙari ko tsakiyar dogon ƙashi, wani lokaci har da zazzaɓi. Tana jin shimiyo, tana kuma jin gashi, har a wasu wurare na jiki gashin kan tsaya a madadin wuƙa. Ta fi yawa a Turawa fiye da baƙar fata. Na uku, kondirosakoma, daga guringuntsi yake tasowa, yawanci ga waɗanda suka haura 40. Shi ba ruwansa da shimiyo ko gashi, wuƙa kaɗai ya sani. Dattijon da aka ga ƙari a ƙashinsa kuwa, sau da yawa ciwon daga wani wuri ya yi ƙaura, daga nono ko huhu ko ƙoda ko furostet (ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), kuma wannan maganar daban ce, ba a cika yanke gaɓa dominsa ba.

Ana gano sunan ne da biyopsi, wato a ɗebo ɗan nama daga cikin ƙarin a kai ɗakin awo. A nan iyalai da yawa ke rasa damar ceton ƙafa ba su sani ba. Duk hanyar da allura ko wuƙa ta bi ta shiga ƙarin, ana ɗaukarta ta gurɓata, dole a cire ta gaba ɗaya ranar babbar tiyata. In an tsaga ta inda bai dace ba, ko wani ya buɗe kumburin da sunan zai matse mugunya, to ƙwayoyin ciwon sun bazu cikin naman da da za a rufe ƙarfe da shi. Saboda haka wanda zai yi babbar tiyatar shi ya kamata ya yi biyopsi, ko ya nuna inda za a bi. Kafin nan a yi IRM, wato hoton da ke nuna nama da ɓargo, na ƙashin tun daga sama har ƙasa, domin ciwon kan yi tsalle a cikin ɓargo, a kuma yi sikana, wato hoton ciki dalla-dalla, ta ƙirji, domin huhu ne zangonsa na farko in ya tashi tafiya. Cibiyar Pasteur ta Yawunde na cikin wuraren da ake duba irin wannan nama, tana kuma da reshe a Garwa. Ka tambayi likitanka inda zai aika, da kwana nawa za a jira, ka riƙe lambar takardar a hannunka.

Yanzu ga maganar da na so a ce an faɗa mana tun ranar farko. A ostiyosakoma da Ewing, ƙafa ba ita ke kashe mutum ba, huhu ne. Kafin shekarun 1970, lokacin da yankewa kaɗai ake yi, kusan mutum takwas cikin goma masu ostiyosakoma na rasuwa, ko da hoton ƙirjinsu ya fito fes ranar tiyata, domin ƙananan ƙwayoyin da hoto ba ya gani sun riga sun tafi ta jini. Da aka haɗa tiyata da shimiyo, a ƙasashen da ake kammala magani yadda ya kamata, shida zuwa bakwai cikin goma na waɗanda ciwonsu bai bazu ba suna wuce shekara biyar. In ya riga ya bayyana a huhu, adadin kan sauka zuwa biyu ko uku. An kuma daɗe da tabbatar da cewa in an cire ƙarin da kyau, da tsaftataccen gefe, wato ba a bar ƙwayar ciwo a bakin yankan ba, wanda aka yanke da wanda aka sa wa ƙarfe tsawon rayuwarsu bai bambanta ba. Ma'ana, yankewa ba ta saya wa yaro ƙarin kwana, ƙarfe ma haka. Abin da ake zaɓa shi ne irin rayuwar da zai yi da irin wahalar da gida zai iya ɗauka. Shimiyo kuwa babu zaɓi a kansa.

Tsarin da aka saba a ostiyosakoma shi ne kimanin mako goma na shimiyo, sai tiyata, sai a ci gaba har jimilla ta kai wata bakwai zuwa takwas. Magungunan su ne doksorubisin, jan nan da ke rina fitsari kuma sai an duba zuciya kafin a fara shi, da sisfilatin mai taɓa ƙoda da ji, da metotireksat mai yawa, wanda ke buƙatar awon jini a kai a kai da wani maganin da ke karya dafinsa. Inda babu wannan awon, likitoci kan tsaya a biyun farko, ko su ƙara ifosfamid. Suma za ta zube, za a yi amai, jini zai yi ƙasa. Zazzaɓi a tsakiyar shimiyo ba na zuwa kantin magani a sayi na sauro ba ne, a daren za a koma asibiti.

To, mu ɗauki ceton ƙafa. Ba kankare ƙarin ake yi a bar ƙashi ba. Ana cire ƙashin da ya kamu dungurungum tare da lafiyayyen naman da ya kewaye shi, kamar yadda ake fafe ruɓaɓɓen wuri a jikin kabewa a haɗa da gefen da bai ruɓe ba. Sai a cike gurbin. Abin da aka fi yi shi ne dogon ƙarfe mai gwiwarsa, a kafa shi cikin ɓargon abin da ya rage. Akwai masu ɗauko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri su dasa. Akwai kuma dabarar da likitocin Kanazawa a Japan suka shahara da ita: a tsoma ƙashin da aka cire cikin ruwan naitirojin mai sanyin 196 ƙasa da sifiri, ƙwayoyin ciwon su mutu, a mayar da shi. Mafi sauƙin kuɗi ita ce a sa sandar ƙarfe da simintin ƙashi a haɗe gwiwar ta sandare; ƙafa mai ƙarfi ce, amma ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba har abada. A Turai da Amurka takwas zuwa tara cikin goma ceto ake yi musu, kuma dalilin a fili yake. Mutum ya tashi da ƙafarsa, yana jin ƙasa a tafin sawunsa, in ya sa wando babu mai sanin an yi masa aiki, tafiyarsa kuma ta fi ta mai ƙafar roba daga cinya sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai dai ƙarfe aure ne da asibiti, babu saki. Aikin kansa na sa'o'i ne masu yawa, yana cin jini, yana son likitan da ya saba da shi, ba wanda zai gwada a kan ɗanka ba. Bayansa akwai watanni na motsa gaɓa a hannun masana, in ba haka ba gwiwar ta ƙage. Kusan ɗaya cikin goma ƙwayoyin cuta kan shiga ƙarfen, tun da shimiyo ya riga ya raunana garkuwar jiki. In hakan ta faru, shimiyo zai tsaya, alhali ana son a koma masa cikin mako biyu zuwa uku bayan tiyata. A yi ta wanki da sake buɗewa, wani lokacin a ƙare a yankewar da aka guda, bayan kuɗi sun ƙare. Ko komai ya tafi daidai, ƙarfe na sassautawa, yana cinyewa. Ɗan shekara 16 da Allah ya ba tsawon rai zai ga bayan ƙarfensa, sai an sake wani. Ƙaramin yaro kuma matsalarsa ta fi: mafi yawan tsawon ƙafa daga wajen gwiwa yake fitowa, in an cire wurin, lafiyayyar ƙafar za ta yi ta tsawo ta bar 'yar'uwarta. Akwai ƙarfen da ake ƙara wa tsayi, amma tsadarsa da yawan komawa asibiti sun fi ƙarfin yawancinmu. Sannan yiwuwar ciwon ya sake tsirowa a wurin ta ɗan fi ta wanda aka yanke, in kuwa ya dawo, ya fi na farko muni.

Ka tambayi kanka tsakani da Allah: in kana zaune a Yagwa ko Mokolo ko Bongor, gwiwar ta kumbura ta yi zafi cikin dare a tsakiyar damina, wa zai taɓa ƙarfen? Daga Marwa zuwa Garwa kilomita 200 ne da 'yan kai, zuwa Ngawundere a ƙara kusan 280, sannan a kwana cikin jirgin ƙasa fiye da kilomita 600 kafin Yawunde. Wanda aka sa wa ƙarfen a Indiya ko Masar ko Tunisiya, tasa tafiyar sai da biza.

Yankewa fa? Aiki ne gajere, likitocin ƙashi da yawa sun iya shi, rauni kan haɗe cikin mako biyu zuwa uku, a koma shimiyo a kan kari. Ciwon nan da ke hana barci yakan tafi tare da ƙafar. Yaronmu ya yi barcin da rabonsa da shi wata shida. Amma ita ma sai da ilimi. IRM ce za ta nuna inda za a yanke, domin in wuƙa ta ratsa ɓargon da ciwon ya kai, an yi asarar ƙafa a banza. Kuma kada a ɓoye wa kowa nauyinta. Mai ƙafar roba daga cinya yana kashe ƙarin ƙarfi da ya kai rabin na mai ƙafa biyu ko fiye kafin ya ci tafiya ɗaya. Dungun kan kumbura, ya motse, ya canja siffa, sai an yi ta naɗe shi da bandeji kafin a auna ƙafa. Ƙafar roba ta babba kan yi shekara uku zuwa biyar, ta yaro mai girma kuwa kusan kowace shekara sai an gyara ko an sake. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana tara gumi a cikin kwanson da dungun ke shiga har fata ta saɓule in ba a wanke ana shanyawa ba.

Akwai kuma abin da ya firgita uwar yaron. Kwana uku da tiyata ya ce babban yatsansa na ƙaiƙayi, yatsan ƙafar da babu ita. Ta ce shi ke nan, an haɗa da iska. Ba iska ba ce. Ƙwaƙwalwa ce ba ta riga ta goge taswirar ƙafar ba, kuma yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka. Yakan ragu da lokaci, akwai magunguna irin su amitiriptilin da gabafentin in ya zama ciwo, akwai kuma dabarar ajiye madubi tsakanin cinyoyi yana kallon lafiyayyar ƙafar yana motsa ta.

Inda na fi daɗewa ina aunawa shi ne rayuwar yau da gobe, irin tamu, ba ta mai kujerar ofis da bayin zama ba. Gwiwar ƙarfe sau da yawa takan lanƙwashe daidai zaman kujera, amma ba ta kai tsuguno a bakin masai ba, ba ta kai zaman tahiya ba. Mai ƙafar roba shi ma tsugunon zai ba shi wuya. Dukansu biyu za su buƙaci mai walda ya ƙera musu kujera mai rami. Wajen salla, mai ƙarfe kan ƙare a kan kujera, mai dungu kuwa in ya cire ƙafar yana iya zama a tabarma ya kai goshinsa ƙasa. Wajen hawa moto da shiga motar haya, mai ƙarfe ya fi sakewa, in ban da wanda aka sandarar wa gwiwa, shi kam ƙafar a miƙe take ko'ina. Wajen gona da ɗaukar buhu da bin shanu, abin ya juya: likita zai hana mai ƙarfe aikin ƙarfi, alhali mai ƙafar roba zai iya wahalar da ita yadda ya so. In ta karye ita kaɗai ta karye, a kai wa mai gyara. Ƙarfen ciki in ya karye, da mutum ya karye. Maganar aure da idon jama'a kuwa, musamman ga 'ya mace, ba zan raina ta ba, nauyi ce ta gaske, kuma a nan ƙarfe ya yi rinjaye.

Wurin da ciwon ya fito shi ma yana yanke hukunci. In a hannu ne, a yi duk abin da za a iya a ceto shi, domin hannu mai rauni da yatsu masu motsi ya fi kowane hannun roba. Wata yarinya daga Kusiri da muka zauna ɗaki ɗaya da su, a saman damtse nata yake, an gano shi da wuri. Aka cire aka cike gurbin, ba ta iya ɗaga hannun sama da kafaɗa amma tana rubutu tana cin tuwo da shi, kuma da an yanke mata da an zalunce ta. In a ƙasan ƙwauri ne ko sawu, yankewa ƙasa da gwiwa tana ba da tafiya mai kyau ƙwarai, har gudu, sau da yawa ta fi ceton da aka yi da ƙyar. In a siririn ƙashin gefen ƙwauri ne ko haƙarƙari, ana iya cire shi ba a sa komai ba. A gwiwa ne ake da zaɓi na gaske. Shi ma yakan rufe in ƙarin ya naɗe manyan jijiyoyin bayan gwiwa, ko ya fashe ya zama gyambo, ko yana ƙara girma duk da shimiyo, ko an riga an yi masa tsage-tsage.

Akwai hanya ta uku da ba a cika faɗa ba. A cire gwiwar da ta kamu, a ɗauko ƙasan ƙafar a juya shi gaba ya koma baya a haɗa da cinya, idon sawu ya zama gwiwa, a sa ƙafar roba daga nan. Wani likitan Jamus, Borggreve, ya fara bayyana ta a 1930, wani likita Van Nes ya yaɗa ta a 1950. Yara kan yi gudu da ita har su buga ƙwallo, ba ta kuma buƙatar ƙarfe mai tsada. Ganinta ne ke da wuya, diddige na kallon gaba. Duk da haka ga ƙaramin yaro ta cancanci a tambaya ko akwai mai yinta.

Sai kuɗi. Ƙarfen gwiwa miliyoyin sefa ne, ban da aiki da jini da gado. Na ga gidan da suka sayar da shanu da fili suka sayi ƙarfe, tiyata ta yi kyau, aka zo zagaye na gaba na shimiyo babu ko dala. Suka koma gida da ƙafa mai kyau, bayan wasu watanni tari ya fara. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shawarata ita ce a fara ware kuɗin shimiyo gaba ɗaya, da na awon jini, da na mota da masauki da abincin mai jinya na wata takwas, da na hoton ƙirji na shekara biyu. Abin da ya rage shi zai faɗa maka ko kana da zaɓin ƙarfe. Ka sa likita ya rubuta maka lissafin duka tun farko, ba na zagaye ɗaya ba.

Game da inda za a nufa, radiyo da awon farko ana samunsu a manyan asibitocin Garwa, Marwa, Ngawundere da Njamena. Amma ana son wurin da likitan ƙashi da likitan daji da mai duba nama ke zama tare. A Yawunde akwai sashen daji a Babban Asibiti, akwai na yara a Cibiyar Uwa da Ɗa ta Gidauniyar Chantal Biya. Babban Asibitin Duwala na da sashen gashi, abin da mai Ewing zai buƙata. Ta ɓangaren Najeriya akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitocin koyarwa na Zariya da Maiduguri, ga kuma sauƙin harshe ga Bahaushe. Ko'ina za ka je domin gashi, ka buga waya ka tabbatar da ranar da za a karɓe ka kafin ka hau mota. Ƙafar roba kuwa ana yinta a cibiyar Kadinal Léger da ke Etug-Ebe a Yawunde, da cibiyar Kabalay a Njamena, da Notre-Dame de Paix a Mundu, da cibiyar da ƙungiyar Croix-Rouge ta duniya ta taimaka aka buɗe a asibitin koyarwa na Maiduguri a 2020. Abin da ba shi da kyau shi ne rarraba magani: biyopsi a nan, shimiyo a can, tiyata a wata ƙasa, kowa bai san abin da ɗan'uwansa ya yi ba.

Uwar yaron da farko cewa ta yi da ƙafarsa ya zo duniya, da ita zai koma. Wannan maganar na ji ta a bakin mutane da yawa, kuma ita ke sa a sulale daga asibiti cikin dare a koma wurin mai magani. Waɗanda na sani da suka yi haka sun dawo bayan watanni da ƙari kamar tulu, yana wari yana zubar jini, aka yanke ɗin dai, amma a lokacin don rage azaba kawai. Malamin da Yaya ya kira mata bai yi dogon wa'azi ba. Ya ba ta labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗan Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, ɗaya daga manyan malaman Madina bakwai, wanda aka yanke wa ƙafa a Sham zamanin Halifa Walidu ɗan Abdulmalik da ciwo ya ci ta, ya koma ya ci gaba da karantarwa. Ya ce wankin gaɓar da babu ita ya faɗi a alwala, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, ƙafar kuma a naɗe ta a ƙyalle a binne. Ni kuma zan ƙara da cewa kada a yi gaggawar karɓarta. A bari masu awo su duba gefen da aka yanke, su kuma auna yawan ƙwayoyin da shimiyo ya kashe; in sun kai 90 cikin ɗari, alama ce mai kyau.

Mu yankewa muka zaɓa, ko in ce shi ya zaɓa. Ƙarin ya yi girma, tsagar da aka yi ta ɓata fatar gefen gwiwa, likitan ya ce zai iya gwada ƙarfe amma ba zai yi alkawarin tsaftataccen gefe ba. Mun yi masa tambayoyi huɗu: sau nawa ya yi irin aikin, wa zai duba mu in ƙarfen ya kamu da cuta muna Garwa, yaushe za a koma shimiyo, kuma in ɗansa ne me zai yi. Ya amsa ta ƙarshen a hankali. Da mun zo a watan farko, ƙarin na ƙarami, kuɗin shimiyo na ajiye, da ni da kaina zan ce a sa ƙarfe, kuma har yau ina ganin ga wanda ke wannan hali shi ne daidai. A daren yaron ya ce wa mahaifinsa, "Baba, a cire, na gaji da rashin barci." Yaya ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Ya gama shimiyonsa duka. Yanzu duk wata uku muna zuwa hoton ƙirji, kuma haka za a yi ta yi har shekara biyu su cika kafin a tsawaita tazara, domin ko wani ɗigo ya bayyana a huhu, in an gan shi da wuri ana iya cire shi. Makon jiya ya ce mini kwanson ƙafar ya fara matse shi, ya ƙara tsawo da ƙiba. Mun sa ranar zuwa aunin sabuwa bayan an girbe masara.